Mazauna Legas, Mu Riƙa Fita Da Iyali Ko Na Yini Ɗaya Ne

Akwai wani dattijo a layinmu a Agege da kowa ke kira Baba Alhaji. Ya zo Ikko tun lokacin da jirgin ƙasa ke sauke mutanen Arewa a tashar Iddo da ƙullin kayansu a ka. Ya yi dako, ya yi tireda, ya aurar da 'ya'ya, ya ga jikoki, duk a garin nan. Wani dare bayan sallar isha'i muna zaune a tabarma a ƙofar masallaci, hira ta gangaro kan teku, sai ya ce mana shi kam bai taɓa tsayawa a bakin teku ba. Iyakarsa ruwan da yake hangowa daga kan doguwar gada idan ya shiga mota zuwa Idumota, wannan kuwa lagun ne, ba tekun ba ne. Shekara arba'in da 'yan kai ke nan a birnin da ke zaune a gaɓar Tekun Atlantika. Ba wanda ya yi masa dariya, domin da muka zagaya da tambayar, cikin mu tara da ke tabarmar mutum biyu ne kawai suka taɓa sa ƙafa a yashin bakin teku, ɗayansu ma aikin gadi ne ya kai shi.

Ni kaina sai da na shekara goma sha biyar a Legas kafin in kai iyalina wani wuri in ban da tashar motar Arewa. 'Yata ce ta tashe ni, tana aji biyar na firamare a lokacin. Ta dawo daga makaranta da hoton Dutsen Olumo a littafinta, ta ce, "Abba, malama ta ce ba shi da nisa daga nan. Ka taɓa zuwa?" Na ce mata a'a. Ta ce, "To me ya sa?" Na buɗe baki zan ce babu lokaci, sai na tuna Lahadin da ta wuce a kwance na yi ta ina sauraren rediyo, su kuma suna cunkushe da uwarsu a ɗaki, an ɗauke wuta, ana fifita da kwali. Yau shekara shida ke nan, kuma a cikinsu na tsaya a kan ra'ayin da nake son in faɗa wa 'yan'uwana mazauna Legas ba tare da kwana-kwana ba: fitar da iyali daga garin nan a ƙarshen mako, na yini ɗaya ko kwana ɗaya, haƙƙi ne a wuyanmu, kuma da yawanmu muna da halin sauke shi sau biyu ko uku a shekara.

Na san inda abin ya samo asali. Da zuciyar ɗan ci-rani muka zo Kurmi. Ɗan ci-rani ba ya ɗaukar garin da yake nema a cikinsa wurin zama, wurin tara abin da za a kai gida ne kawai. Wannan tunani ya dace da kakanninmu, masu zuwa bayan kaka su koma da saukar ruwan farko. Mu kuwa damina ashirin ta same mu a nan, a nan aka yanke wa 'ya'yanmu cibiya, Yarbanci a bakinsu kamar Hausa, amma har yau muna zaune kamar gobe za mu ɗaure kaya. Hutu a wurinmu ma'anarsa ɗaya, tafiya gida da Sallah. Ita kuwa wannan tafiya kowa ya san ta. Kilomita wajen dubu tsakanin Legas da Kano, a kwana a zaune cikin mota da yara a cinya, a isa a shiga gaishe-gaishe, da ta'aziyyar waɗanda suka rasu a bayanka, da rabon tsaraba. Kafin ka ankara kwanaki sun ƙare, aljihu ya ƙare, a sake kwana a hanya. Zumunci ne, ba zan taɓa cewa a bar shi ba. Amma duk wanda ya yi ta ya san jiki ba ya hutawa a cikinta.

Wadda ta fi kowa cutuwa da wannan tsari ita ce matar gida. Mu maza muna fita, muna ganin mutane, muna shan iska ko da ta titi ce. Ita kuwa an ɗauko ta daga gida mai tsakar gida da inuwar darbejiya da maƙwabciyar da ake leƙawa ta katanga, an kawo ta ciki da falo a gidan haya mai ɗakuna suna kallon juna, banɗaki sai an bi layi, girki a baranda. Daga ɗaki sai asibiti, sai Islamiyya, sai gidan suna. Maiɗakina ta taɓa ce mini bayan mutane, abin da ta fi kewa a garinsu Malumfashi shi ne ta tsaya ta hango inda sama ta haɗu da ƙasa. A Agege duk inda ka ɗaga kai, kwano ne da wayoyin lantarki.

Abeokuta muka fara zuwa, kuma har yau can nake fara tura duk wanda ya nemi shawarata. Mutumin Agege dama a bakin hanyar yake zaune. Tsohuwar hanyar ta bi ta Abule Egba, ta Sango Ota, ta Ifo, ta wuce masana'antar siminti ta Ewekoro, ta shiga gari ta Lafenwa a bakin kogin Ogun. Duka-duka ba ta kai kilomita ɗari ba. Idan aka fita ana sallame sallar asuba, kafin Sango ta cushe, a Abeokuta za a karya kumallo. Wanda ba shi da mota, ko yake gudun ramukan hanya, ga jirgin ƙasan Legas zuwa Ibadan da aka buɗe a 2021, yana tsayawa a Agege, yana tsayawa a Abeokuta a tashar da aka sa wa sunan Wole Soyinka.

Ma'anar sunan garin da Yarbanci ita ce ƙarƙashin dutse, kuma sai ka hau Olumo kake gane dalili. Wajen 1830, bayan daular Oyo ta wargaje yaƙi ya tarwatsa garuruwan Egba, suka taru a gindin dutsen nan a ƙarƙashin jagorancin Sodeke. Ana lissafa tsayinsa mita 137. Akwai matakala har sama, amma abin da ya kama hankalin yarana shi ne kogon da mutanen suka ɓuya a ciki. Rufinsa ƙasa-ƙasa ne, babba sai ya sunkuya. A dandaɓarsa akwai 'yan ramuka sumul da mai yi mana jagora ya ce a nan matan ke niƙa kayan miya a kwanakin ɓuya. 'Yata ta durƙusa ta sa tafin hannunta a ɗaya, ya zauna daidai. Ta daɗe a haka ba ta ce komai ba. Daga ƙoli kuwa ga gari nan shimfiɗe, jajayen kwanoni masu tsatsa, hasumiyar masallaci, hasumiyar coci, kogin Ogun yana lanƙwasa a tsakaninsu. A garin da muke kallo aka fara buga jarida a ƙasar da ta zama Nijeriya, Iwe Irohin, a 1859, shekara 80 cur kafin Gaskiya Ta Fi Kwabo. Maiɗakina ta sami wani faffaɗan dutse ta zauna, ta gyara mayafi, ta ce a bar ta nan tukuna. Mun fi awa ɗaya ba ta nemi a sauka ba.

A nan wani zai tare ni ya ce, ai dutsen tsafi ne. Gaskiya ne akwai wurin bautar gargajiya a jikinsa, da tsofaffin mata masu kula da shi. Ba wanda ya ce mu shiga, ba wanda ya ce mu ajiye wani abu. Mun gaida tsofaffin kamar yadda ake gaida kowane tsoho, muka wuce ta gefe. Dala ma a kansa Barbushe ya yi wa Tsumburbura hidima, kuma ban taɓa jin malamin da ya hana Bakano hawa Dala ya kalli birni ba. Yaron da ya ga irin wannan da idonsa, ubansa na gefe yana yi masa bayani, ya fi samun kariya a kan wanda zai tsinci labarin a bakin abokai. Da azahar ta yi muka sauko muka bi jam'i a masallacin unguwa, liman Bayarabe, bayan an idar ya miƙo mini hannu ya tambaye ni daga ina.

A gindin dutsen kasuwar Itoku take, cibiyar adire, rinin Yarbawa. Duk wanda ya taɓa leƙa marinar Ƙofar Mata zai ji kamar ya gamu da ɗan'uwa a baƙon gari. Bambancin, a Kano maza ne a bakin karofi, a nan kuwa sana'ar mata ce, uwa ta koya wa 'ya. Shuninsu na asali daga ganyen da suke kira elu yake, wanda mu muka sani da talaki. Wani zanen ɗaure shi ake yi da zaren tukurwa kafin a tsoma, wani kuma ƙullun rogo ake zana masa ado da shi da gashin kaza, duk inda ƙullun ya kwanta rini ba ya kamawa sosai. Yanzu galibi rinin kanti ake yi a kan shadda, kuma na bugun inji da ake shigo da shi daga waje ya cika kasuwar da araha, har matan suna kuka da shi. Wata dattijuwa ta koya wa maiɗakina yadda ake rarrabewa. Ta juya zanen ta nuna mata bayansa: na inji bayan fari-fari yake, na hannu kuwa rinin ya ratsa ciki da waje, kuma ba za ka sami fure biyu da suka yi kama sak ba. Suka yi ciniki rabi da baki rabi da yatsu, 'yata ce tafinta. Kafin mu juyo muka ci shinkafar Ofada a cikin ganye da miyarta mai yajin da ya sa ƙaramin ɗana hawaye, amma bai bar ko ƙwara ba. Zanen yana nan har yau, da shi take zuwa suna.

Ba zan yi kamar ban san abin da ke cikin zukatan mutane ba. Tsoro ne. Wanda ya ga rikicin Shagamu na Yulin 1999, ko na Idi-Araba a 2002, ko na kasuwar Shasha a Ibadan a Fabrairun 2021, yana da hujjarsa idan ya ce ya fi son ya zauna inda 'yan'uwansa suke da yawa. Ban raina wannan tsoro ba, ni ma ina da rabona a cikinsa. Sai dai zama cikin zango bai hana ko ɗaya daga cikin waɗannan faruwa ba, kuma maƙwabcin da ba ka taɓa taka garinsa ba, ba ka taɓa cin abincinsa ba, shi ne ya fi saurin zama dodo a idon ɗanka. Abin da na gani da idona shi ne da wuya ka sami babban garin Yarbawa da ba shi da Sabo, da Sarkin Hausawa, da masallacin da za ka ji ana karatu ana fassarawa da Hausa. Sabon Ibadan tun 1916 aka kafa shi. Kafin ka fita daga gida ka buga waya ga wani na can, ka tambaye shi lafiyar gari, musamman ko ana bikin Oro, wanda ake hana mata da baƙi fita a cikinsa. In ana yi, ka ɗaga tafiyar zuwa wani mako. In ka isa kuma ka fara da Sabo, ka zauna teburin mai shayi. Labarin da bai sani ba a garin bai riga ya faru ba.

Shagamu ɗin ma da ake tsoro, ina ganin duk Bahaushen da ya taɓa raba goro a ɗaurin aure ya kamata ya je ya ga inda ake haɗa shi. Awa ɗaya da 'yan mintuna ce a kan babbar hanyar Ibadan idan hanya ta yi kyau. Da can Gwanja kakanninmu suke zuwa fataucin goro, watanni a ƙafa da jakuna har Salaga a ƙasar Gana ta yau. A farkon ƙarni na 20 aka shiga shuka irin wannan goro sosai a gonakin Agege da Ota da Ifo da ƙasar Remo inda Shagamu take, ga kuma jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, sai hanyar goro ta juyo nan. Har yanzu gbanja Yarbawa suke kiran wannan iri, sunan Gwanja ne ya biyo shi. Wato shi kansa zaman Hausawa a Agege, goro na cikin abin da ya kafa shi. Amma ɗana na fari, haifaffen Agege, bai taɓa ganin bishiyar goro ba sai ranar da wani dillali a Sabon Shagamu ya haɗa mu da yaronsa ya raka mu wata gona a bayan gari. Aka tsinko masa kwanso, kore mai gurje-gurje, aka fasa, ga goro nan a jere kowanne cikin farar rigarsa. Da muka koma rumfa ya ga ana wankewa, ana tsincewa, marsa gefe, minu gefe, fari daban, ja daban, ana shimfiɗa ganyen fita ana jerawa ana ɗaure huhu. Ya tambayi dillalin ina za a kai wannan, ya ce masa, "Wancan Sakkwato, wannan Maraɗi, ɗana." Tun daga ranar in ya ga goro a faranti sai ya ɗauka ya juya shi.

Ibadan ta cancanci kwana. Akwai jami'ar da aka kafa a 1948 da gidan namun dajinta, akwai hasumiyar Bower ta 1936 da ake hango gari kaf daga kanta, akwai amala da miyar lalo da ba a yin irinta a Legas. Ta gabas kuma ga Epe, garin da Sarkin Ikko Kosoko ya koma bayan Ingilishi sun yi wa Legas ruwan wuta a 1851, gari mai yawan Musulmi, da kasuwar kifi a bakin ruwa inda mata ke sayar da tarwaɗa tana motsi a cikin baho. Cikin Legas ɗin kanta ne abin ya yi wuya. Bar Beach da talaka ke zuwa kyauta an cike shi da yashi an gina sabon birni a kansa, wuraren da suka rage ta Lekki galibi an kewaye su, sai an biya a ƙofa, ga kiɗa da shigar da mai iyali ba zai so ya zauna a cikinsu ba. Wannan ƙorafi na mutanenmu gaskiya ne, kuma shi ne ma ƙarin dalilin fita bayan gari.

Saura maganar kuɗi. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, ko zuwa Oshodi sai an yi lissafi. Ba da wanda abincin dare ke gagara nake ba, Allah Ya buɗa masa. Da mu nake, masu ɗinka sabuwar shadda kowace Sallah, mu sauya waya, mu yi liƙi a biki. Tafiyar yini zuwa Abeokuta ga gida mai mutum biyar, idan aka tafi da abinci daga gida, ba ta kai kuɗin shadda mai kyau da ɗinkinta ba. Dambu da soyayyen nama a kula, zoɓon da aka daskarar tun dare, tabarma, buta, shi ke nan. In kwana ya kama, wane ne a cikinmu ba shi da ɗan garinsu a wani Sabo? Wani zai ce kasuwa, Asabar ranar ciniki ce, kasuwar Mile 12 kuma ba ta san Lahadi ba. To ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai, ai yaron shago ne ke riƙewa, kuma ka tashi ka tarar da shagon a inda ka bar shi. Ka ba shi riƙon yini ɗaya kana da lafiya. Ƙa'idodina biyu ne kawai: a fita da asuba a dawo kafin magariba, ban da tuƙin dare, sannan in hanyar Ibadan za a bi a bincika ko ana babban taro a ɗaya daga sansanonin ibadar da ke jere a bakinta, domin a irin waɗannan ranaku tafiyar awa biyu tana iya cinye yini.

Abin da ya fi ba ni takaici a kan Olumo shi ne 'yan makaranta da na gani layi-layi cikin yunifom, malamansu na ƙirga su, ban ji Hausa a bakin ko ɗaya ba. Alhali mu ne gwanayen shatar mota. In ɗaurin aure ne, ko musabaƙa, ko Maulidi, kafin la'asar an haɗa bas uku. Ina roƙon shugabannin Islamiyyunmu, da ƙungiyoyin 'yan kasuwa, da iyayenmu sarakunan Hausawa na unguwanni, su sa wannan a cikin lissafinsu na shekara. Tafiya mabuɗin ilmi muke cewa, kuma mu muka bar 'ya'yanmu a bayan ƙofar.

Da irin wannan haɗin gwiwa muka je Badagry, mu gida huɗu a bas ɗaya, na kuma sa Baba Alhaji a gaba sai da ya bi mu. Ta Iyana-Ipaja muka bi, ta Igando, muka faɗa babbar hanya a Iyana-Iba, muka wuce Okokomaiko da Agbara. Hanyar iyakar Seme ce, don haka shingaye suna da yawa, kowa ya riƙe katin shaidarsa, direba ya riƙe takardunsa, a kuma tafi da haƙuri. Garin na mutanen Ogu ne, sarkinsu Akran, kwance a bakin lagun cikin itatuwan kwakwa, shiru kamar ba a jihar Legas yake ba. An fara kai mu benen da 'yan mishan suka gina a 1845, wanda ake kira benen farko a Nijeriya. Na gaya wa mai jagoran cikin ladabi cewa hasumiyar Gobarau da benayen ƙasa na Kano sun girme shi nesa ba kusa ba, gara a ce benen farko irin ginin Turawa. Ya yi murmushi ya ce ba ni ne na fara faɗa masa ba.

Daga garin nan ne Baturen nan Kilafaton ya kama hanyar Arewa a Disambar 1825, bai isa Kano ba sai Yulin 1826, ya rasu a kusa da Sakkwato a Afrilun 1827 zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Tafintansa Bahaushe ne, Abubakar, wanda Turawa ke kira Pasko. Wata bakwai a kan hanyar da muke ƙorafin kwana ɗaya a kanta. Amma waɗanda suka bi hanyar nan daga Arewa zuwa Kudu a ɗaure sun ninka masu zuwa da ƙafarsu. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804 sun samar da kamammu daga kowane ɓangare, aka riƙa miƙa su hannu zuwa hannu ta ƙasar Oyo har tashoshin Ikko da Badagry da Porto-Novo da Wida, da yawansu aka kai su Bahia a ƙasar Brazil. A can Hausawa ne suka shirya tawayen 1807, su ne a gaba a na 1809 da na 1814. A babban tawayen Musulmi na 1835, wanda aka yi cikin watan azumi, akasari Yarbawa ne da Hausawa a cikinsu, kuma an sami layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Namu ne aka sayar, kuma a cikin masu sayarwar ma akwai namu. Ban ga amfanin ɓoye wa yaro rabin wannan magana ba.

A gidan Seriki Williams Abass na ga abin ya fi yi wa manyanmu nauyi. Shi kansa an kama shi bawa yana yaro, ya girma ya zama dillalin bayi, daga baya ya zama shugaban Musulmin garin, ya rasu a 1919. Ɗakuna arba'in aka ce gidan ke da su na tsare mutane. Muka shiga ɗaya mu takwas, aka turo ƙofa, hasken da ya rage sai na wata 'yar taga can sama kusa da rufi. Kafin minti ɗaya numfashi ya fara yi mana wuya. Mai jagoran ya ce har mutum arba'in ake zubawa a ciki. A wani gidan tarihin aka ba ɗana sarƙar wuya ya ɗaga, da hannu biyu ya iya raba ta da ƙasa. Matan da suka yi ta hira tun daga Agege suka yi tsit.

Daga nan kwalekwale ya tsallakar da mu lagun zuwa tsibirin Gberefu, kowa da rigar da ke hana nutsewa, kuma kada wanda ya yarda ya sa ɗansa a jirgi babu ita. Aka sauka aka kama hanyar yashi da ƙafa, wadda aka bi da bayin. A tsakiya akwai rijiyar da ake cewa ana shayar da su ruwanta don su manta da gida. Rana ta take, yashin yana ƙona tafin ƙafa ta cikin silifa, Baba Alhaji yana dogara sanda, ya ƙi yarda a tsaya dominsa. Tun kafin mu ga ruwan muka fara jin rurinsa. Sai itatuwan suka ƙare, ga shi nan, babu gada, babu gini, babu tsallake. Na tara yaran na ja musu layi a yashi na ce kada wanda ya wuce nan, domin igiyar ruwan gaɓar nan tana jan ƙato balle yaro.

Baba Alhaji ya cire takalmi, ya naɗe ƙafar wando, ya miƙa mini sandar. Igiya ta farko da ta zo ya ja da baya. Ta biyu ya tsaya ta rufe masa idon sawu. Ya sunkuya ya kamfato ruwan ya taɓa a harshe, ya ce, "Ikon Allah, ashe da gaske gishiri ne." Sannan ya juyo ya ce mini, "Malam, ta ina aka bi da su?" Na nuna masa kudu maso yamma. Ya ɗaga hannu ya yi musu addu'a, mu duka muka shafa, har da mai jagoran da ba Musulmi ba ya sunkuyar da kai. Muka shimfiɗa tabarmi a inuwar kwakwa aka buɗe kulolin dambu, wani yaro ya hau ya sauko mana da ɗanyar kwakwa aka fasa wa kowa.

A hanyar dawowa yara duk suka yi barci tun kafin Agbara. Baba Alhaji na gaba kusa da direba, takalminsa a cinya, yashi bai gama zuba daga ƙafarsa ba. Mun kusa Igando ya waiwayo ya ce shi fa shekara goma ya yi yana sayar da goro a tireda, bai taɓa ganin bishiyarsa ba, yaushe za a je Shagamun? Mun sa Lahadi ta biyu bayan Babbar Sallah, kuma gida bakwai suka rubuta suna.